Masu saida mana asuba

Wata sabuwar sana'a ta shigo gari, kuma kasuwarta na ci. Ba ta buƙatar shago ko jari, kwat guda da hoto mai kyau sun isa. Kuna ganin afish ɗinsu a bangon fakulte, a ƙofar resto, a gurup ɗin WhatsApp na ƴan promo: saurayi ya harɗe hannuwa a ƙirji, agogo na walƙiya, an rubuta da manyan baƙaƙe wai cikin kwana biyu zai canza maka rayuwa. Kuɗin shiga jikka biyar, har da atestasiyo da ɗan lemu mai sanyi. Sunan da suka ba kansu shi ne koc. Hajarsu kuwa, wai ɗabi'un masu nasara.

Ban zo in hana kowa neman abincinsa ba. Amma tunda abincin daga aljihunmu yake fitowa, daga burs ɗin da ake wata da watanni ana jira, ina da damar in kwance bakin buhun in ga mi ke ciki.

Abin da ke bisa cikin buhun shi ne: ka tashi ƙarfe biyar na safe. Wannan magana tana da uba. Wani marubuci ɗan Kanada, Robin Sharma, ya fitar da littafi a 2018 a kan tashin ƙarfe biyar, aka fassara shi da Faransanci, ƴan koc ɗinmu suka haddace. Can inda aka rubuta shi wataƙila abin mamaki ne mutum ya riga rana tashi. Amma a Maraɗi? A Damagaram? Ƙasar da ladan ke tada unguwa sukutum kafin gari ya waye? Tsohuwa mai ƙosai ta hura wuta tun da duhu. Mahauta sun tafi kwata. Masu lambun albasa na Galmi suna bakin ruwa. In da tashin asuba ne ke sa arziki, da mai ƙosan bakin tasha ce ke ba banki bashi. A ce wai ɗan Musulmi, wanda uwarsa ta sha yayyafa masa ruwa a fuska don ya tashi salla, shi ne zai fidda jikka biyar a koya masa asuba. Kai jama'a!

Kuma ba su taɓa tambayar ƙarfe nawa muka kwanta. Nan ne ciwon yake. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin kwano ba ya shiguwa sai dare ya raba, in kuran ya ɗauke kuma sai tabarma a waje da sauro. Likitocin barci sun daɗe suna cewa baligi na buƙatar awa 7 ko fiye. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya da rabi, da shayi mai kauri a cikinsa da hasken waya a idonsa, ka ce masa ya tashi ƙarfe biyar ya yi gudu ya karanta shafi ashirin, ai ka haɗa shi da gyangyaɗi ne a anfi.

Ƙarƙashin wannan akwai wata hajar: wai ɗabi'a na kafuwa cikin kwana 21. An gwada maganar. Wata mai bincike a Landan, Phillippa Lally, ita da abokan aikinta sun bi mutum 96 da suka ɗauki wata ƙaramar ɗabi'a sabuwa, kamar shan ruwa bayan cin abinci ko ɗan motsa jiki. Sakamakon da suka buga a 2009 ya nuna tsaka-tsakin lokacin da abu ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu kwana 18, wasu kuma lissafi ya kai su 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana guda ba ya rushe ginin. Ba za ka ji wannan a seminer ba, don kwana 254 ba ya shiga afish. A can ƙasan buhun kuma sai littafin Kiyosaki na uba mai arziki da uba talaka, wanda ya fito a 1997, ake tallarsa a bakin titi. Mutumin yana maganar sayen gidaje da bashin banki a Amurka. Wane banki ne a Tawa zai ba ɗan lisansi shekara ta biyu bashin sayen gida?

Da asarar jikka biyar ce kawai, da na yi shiru. Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da ke biyowa baya. Yaro ya fito seminer da zafinsa, ya sayi sabon kaye, ya rubuta jadawali mai layi goma sha biyu, ya manna a bango. Kwana huɗu ya bi. Rana ta biyar aka yi rasuwa a dangi, ta shida mushe ya maido kur ɗin da ya bari tun wata biyu ya zuba shi ranar Asabar, ta bakwai zazzaɓi. Jadawali ya faɗi. Da yake an gaya masa nasara duk a kansa take, sai ya yanke wa kansa hukunci: ni ne lalatacce. Koc ya tafi da kuɗi, ya bar masa kunya. Na san waɗanda daga nan suka fara neman abin da zai hana su gajiya, daga kafe mai ƙarfi har ƙwayar tramol, don su zama irin mutumin da ke kan afish. Mun san inda wannan hanya ke kaiwa, kowace unguwa tana da nata misali yana yawo ba takalmi.

To, akwai wasu masu wa'azin kuma, su ba su karɓar kuɗi: manyanmu. Maganarsu guda ce, ku tashi daga fada. A bakinsu fada ita ce uwar lalaci, matattarar zaman kashe wando. Ina girmama furfurarsu, amma a nan ban bi su ba. Fada irin wadda muka sani ta yaɗu ne a shekarun 1990, zamanin da gwamnati ta tsuke ɗaukar ma'aikata, aka yi ta yajin aiki da shekarun karatu na banza, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Samari masu takardu suka wayi gari ba wurin zuwa, gida kuma ba wurin zama, sai suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida suka ɗora buta. Rashin aiki ne ya haifi fada. Wanda ke zagin ɗiya ya bar uwa, bai so gyara ba.

Yanzu ku dubi fadar da idon basira. Tana da suna, wani lokaci har an rubuta shi a bango. Tana da shugaba, tana da ma'aji. Akwai mai dafa shayi, kuma kowa ya san ba a yi masa gaggawa. Akwai kuɗin sukari da gawayi, ba mai tsallakewa sau uku bai ji magana ba. Lokacin haɗuwa ba a rubuta shi ko'ina ba, amma ba a makara. In ɗaya ya ɓace kwana biyu, a rana ta uku an je gidansu. In aure ko suna ya tashi, fada ce ke kafa rumfa ta jera kujeru. Wasu fadodin suna gadin unguwa da dare, wasu suna yashe kwalbati kafin damina. Ku gaya mini, wace ƙungiya ce a ƙasar nan ke zama kwana 365 a shekara ba tare da perdiyem ba? Mutanen da ake cewa ba su da horo, su ne ke riƙe da wannan tsari shekara da shekaru, ba koc, ba jadawali a bango.

Saboda haka ni ban yarda da cewa ba mu da ɗabi'a ba. Muna da ita, mai ƙarfin gaske. Abin tambaya shi ne mi take haifa mana. Mu yi lissafi. Ka ce kana zama daga bayan Isha'i, ƙarfe tara, zuwa ƙarfe ɗaya: awa 4. A shekara awa 1460 ke nan. A tsarin LMD da muke ciki, shekara guda kiredi 60 ce, kowane kiredi ana ƙiyasta shi da awa 20 zuwa 25 na aikin ɗalibi, wato awa 1200 zuwa 1500. Ma'ana duk shekara kana yin shekarar jami'a cikakkiya a kan tabarma. Wanda ya yi shekara biyar a fada ya yi masta. A wane fanni? Real da Barsa, da wa ya saki wa, da wa za a naɗa minista.

Akwai wani labari na ƙasarmu da ya fi duk littattafan nan dacewa da mu, kuma a jihar Maraɗi ya faru. Bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa. A rena iri a leda, a ɗauko a mota, a dasa, a ɗauki hoto. Mafi yawansu ba su kai baɗi ba: rana ta ƙone, awaki sun cinye, iska ta binne. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura da abin da manoma ke gani kullum suna sarewa: ƴan tsirran da ke fitowa a gona duk shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta yi nisa, ta san inda ruwa yake. Aikin kawai shi ne kada a share su duka lokacin sassabe. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kiyaye su daga dabba da gatari. Manoma suka ce masa sassabin zamani. Da farko an yi wa masu yi dariya, don a wancan lokaci gona mai tsabta ita ce gonar manomin kirki. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka sake yin itatuwa ta wannan hanya a kudancin Nijar, itace wajen miliyan 200. Duk wanda ya bi hanyar Matamai ko Magarya ya ga gawo a gonaki ya ga shaida. Ba leda, ba mota, wuƙa ce da haƙuri da yarjejeniyar gari a kan kada a sare na wani.

Ƴan koc masu dashe ne. Suna kawo mana iri a leda daga Toronto, su dasa a ƙasar da ba su san zafinta ba, su ɗauki hoto su wuce. Manyanmu kuma masu share gona ne ƙal, a tumɓuke fada a huta. Ni ina tare da masu sassabe. Saiwar tana nan: salla biyar da ta riga ta yanka mana yini gida-gida, zaman fada da ba ya fashi, kunyar abokai da ke sa mutum ya cika alkawari ko ba ya so. Wanda ya ɗaura sabon abu a jikin wanda ya riga ya kafu ba ya buƙatar ƙarfin zuciya kullum safiya, tsohon ne ke jan sabon.

Iyayenmu mata sun riga mu gane wannan. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a kan abin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo masu jari ba. An tarar da asusu, an gyara masa tsari: mata ashirin da wani abu su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, kuɗi su shiga akwati mai kwaɗo, mabuɗai a hannun mata daban-daban, a ba mai buƙata rance ta maido da ɗan ƙari, wadda ta makara ta biya tara, in zagaye ya cika a fasa a raba. Matan da yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba. Tsarin nan ya fita daga Nijar ya shiga ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, ana koyar da shi a manyan tarurruka. Mu kuma ƴaƴansu masu bak, muna biyan wani ya karanta mana yadda attajiran Amurka ke tattali.

To mi za a datse, mi za a bari? Ba ni da jadawalin saidawa. Amma shayi zagaye uku ne, kuma tsakanin na fari da na biyu akwai abin da ya kai rabin awa, wani lokaci fiye. A ce wannan tsakanin kawai, wayoyi su shiga cikin hula guda a tsakiyar tabarma. A cikin fada guda za ka tarar da mai karatun lissafi, da mai shari'a, da wanda ya bar lakwal tun sizyem amma ya iya kwance injin moto ya maida da ido rufe, da wanda ya yi shekara uku a Kano ya iya Ingilishin kasuwa. Kowane dare mutum ɗaya ya koya wa sauran abu ɗaya: yadda ake rubuta takardar neman aiki ba tare da kwafe ta wani ba, yadda ake lissafin batir da fano na sola don ɗaki guda, mi dokar aiki ta ce a kan sitaj, yadda ake jera lissafi a Excel. Wanda aka sa wa ranar Talata dole ya shirya, don ya san bakin abokansa. Rabin awa sau 300 awa 150 ne. Sauran daren ku yi gardamar ƙwallonku, ba wanda ya hana, ni ma ina ciki kuma ba na sauka daga kan Barsa.

Ma'ajin da ke tara kuɗin sukari, mi zai hana ya riƙe akwati na biyu? Wanda ke sayen forfe na dala ɗari kullum yana kashe jikka 15 a wata, 182.500 a shekara. Ban ce a bar intanet ba, da ita muke samun kur da labarin kwankur. Amma kowa ya buɗe wayarsa ya duba inda megan suka tafi, ya faɗa da ƙarfi a gaban fada in ya isa. Kwana biyu a mako ba forfe, kuɗin su shiga akwati, jikka guda ke nan duk mako. Mutum goma, wata shida, kun haura jikka 250. Keken ɗinki ne wannan, ko kayan gyaran waya, ko kuɗin formasiyo ta gaske wadda ake fita da sana'a a hannu.

Sai kofi na uku. Na san taɓa shi kamar taɓa sarauta ne. Amma ganyen shayi na ɗauke da kafeyin, kuma rabin abin da ka sha yana nan a jininka bayan awa biyar ko kusa da haka. Ga sukari: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a yini, wajen ƙaramin cokali 12, kuma ku da kanku kun ga abin da mai shayi ke zubawa a buta. A ɗora buta da wuri, a tashi sha ɗaya da rabi. Wannan kaɗai zai yi wa karatunmu abin da seminer goma ba su yi ba.

Wani reshe da ya kamata a sare shi har ƙasa shi ne girman kan diplom. Mai lisansi na jin kunyar a gan shi da baƙin mai a hannu a garejin unguwa, amma ba ya jin kunyar roƙon dala ashirin wurin ƙanensa mai kabu-kabu. Jami'ar Yamai sunan Abdou Moumouni gare ta, ɗan Tasawa, masanin fizik wanda ya ba da rayuwarsa ga makamashin rana, ya shugabanci ONERSOL, inda a wancan lokaci ake ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da zafin rana. Tun 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka yana sukar makarantar da ke raba yaro da harshensa da aikin hannu. Muna wucewa ƙarƙashin sunansa kullum, muna jiran buro mai kilim. Yammacin Asabar guda a mako wurin mai haɗa sola, ko tela, ko dukawan Damagaram, ko maƙeran Katako, ba ya rage wa kowa maki.

Duk wannan maganar fada ta maza ce, na sani, kuma ƴan uwana ɗalibai mata suna da dalilin yin tsaki. Su ba su da awa huɗu da za su datse. Kafin ta zo anfi ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta dama koko, ta shirya ƙanne. In ta dawo tukunya na jiranta, sannan baƙi, sannan a ce mi take yi da fitila har yanzu. Ita ce koc zai ce wa ta koyi tsara lokaci! Lokacinta ba ɓata ya yi ba, a hannunmu yake, mu ƴan uwanta maza da ke miƙe ƙafa a waje muna jiran a kawo tuwo. Ɗabi'ar da za ta fi taimakon karatun ƙanwarka ba tata ba ce, taka ce: ka wanke kayanka, ka ɗauki bido ka je pampo, ka raka yaro lakwal. Ka gwada faɗin haka a fada ka ji yadda za a yi tsit.

Saura ƴan gwagwarmaya, abokaina na kusa, waɗanda za su ce: kamarad, ka koma bakin ƴan jari-hujja, matsalar tsari ce, gwamnati ta buɗe guraben aiki kawai. Rabin maganarku gaskiya ce. Ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, ba akwatin fada ne zai sama wa kowa aiki ba, kuma ba wani kwanciya da wuri da zai biya burs ko ya gina anfi. Haƙƙi ne, a ci gaba da nemansa. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 ba don su zama attajirai suka fita ba, kuma ba na haɗa jininsu da maganar forfe. Amma USN ɗin da ta fito da su ba daga sama ta faɗo ba. Taro ne bayan taro, da kuɗin kati, da mutanen da ke karanta takardu har su gane abin da ake shirin yi wa makaranta. Wanda bai iya zuwa taro a kan lokaci ba, bai karanta dokar da yake zagi ba, ba tsarin da zai ji tsoronsa.

Kuma ko gobe aka buɗe guraben, kun san yadda abin ke zuwa. Sanarwa ta fito, an ba da ƴan kwanaki a kai dosiye. Sai a shiga gudu: takardar haihuwa tana ƙauye, takardar zama ɗan ƙasa ba a taɓa yi ba, kaziye judisiyer dole ya zama bai wuce wata uku ba kuma sai an nemo shi daga kotun yankin da aka haife ka, kofin diplom sai an legalize, ga tambur, ga hoto, ga kuɗin mota. Duk shekara akwai masu ilimi da ke faɗuwa kwankur tun ba su shiga ɗakin jarrabawa ba. Fadar da ke da akwati da kaye tana iya sa mutum ɗaya ya riƙa bin sanarwa, kowa ya aje takardunsa da ba su tsufa cikin shemiz guda tun yanzu, ya rage kaziye kawai, kuɗinsa da na mota kuma su fito daga akwati a maido bayan wata.